Mutum 15 cikin kwana 40: abin da bakteriyar hanji ta yi da maganin soribudin a Japan

Ranar 3 ga Satumba 1993 aka fara sayar da wani sabon magani a Japan, sunansa soribudin, a jikin kwali kuma an rubuta Usevir. Wani kamfani ne na birnin Osaka mai suna Nippon Shoji ya fito da shi, kuma gaskiya ba maganin banza ba ne, a ɗakin gwaji ya nuna ƙarfi sosai kan ƙwayar cutar da aka yi shi dominta, ya fi maganin asaikulobir da ake amfani da shi a lokacin nesa ba kusa ba. To cikin kwana 40 da fitowarsa mutum 15 suka rasu. Da aka koma aka tona takardun gwajin da aka yi kafin a ba shi lasisi sai aka tarar ashe wasu mutum 3 sun riga sun rasu tun a can, ya zama 18 kenan. Kuma ba soribudin ɗin da suka haɗiya ne ya kashe su kai tsaye ba fa, wani abu ne daban da bakteriyar cikin hanjinsu ta ƙera daga jikinsa, abin da babu likitan da ya rubuta musu shi a takarda.

Ciwon da aka yi maganin dominsa shi ne wanda likitoci ke kira zosta. Wanda ya taɓa ganin mai shi ba ya mantawa. Ƙuraje ne masu ruwa suke fitowa a jere a gefe ɗaya na jiki, yawanci daga gadon baya su zagayo ta haƙarƙari zuwa ƙirji kamar an ɗaura wa mutum rabin ɗamara, su tsaya cak a tsakiya ba sa tsallakawa ɗaya gefen, ga raɗaɗi kamar an ɗora garwashi, har rigar da ke jikinsa in ta goge wurin sai ka ga dattijo ya runtse ido yana salati. Ƙwayar cutar ƙarambau ce wadda mutum ya yi tun yana yaro, ba ta fita daga jiki, lafewa take yi a jijiyoyi shekara da shekaru, sai garkuwar jiki ta yi rauni sannan ta farka. Su wa garkuwarsu ke rauni? Tsofaffi, da masu ciwon daji da ke shan maganin kansa. Wato tun daga farko, masu kansa suna cikin mutanen da suka fi kowa yiwuwar zuwa neman wannan sabon magani, wannan kam ba sai an yi dogon lissafi ba.

Maganin kansar da ake magana a kai shi ne 5-FU, tsohon magani ne, Charles Heidelberger da abokan aikinsa suka samar da shi a Amurka a 1957, kuma har gobe ana amfani da shi kan kansar hanji da ta ciki da ta nono. Guba ne da aka auna, yana hana ƙwayoyin jiki masu saurin rabuwa su hayayyafa, kansa na cikinsu, amma ɓargo da fatar cikin hanji da ta baki su ma suna ciki. Abin da ya sa mutum ke iya ɗaukarsa bai mutu ba shi ne wani sinadari a hanta da ake kira DPD, wanda aikinsa farfasa 5-FU da sauri, sama da kashi 80 cikin 100 na abin da aka ba mutum shi ne ke share shi, har ta kai in an yi allurarsa a jijiya cikin minti 10 zuwa 20 rabinsa ya bar jini. Duk awon da likita ke yi na yawan maganin, ya ginu ne kan cewa DPD na nan yana shara. A Japan kuma a wancan lokacin an fi sauran ƙasashe ba da dangin 5-FU na haɗiya, irin su tegafur, wanda jiki ke mayar da shi 5-FU a hankali. Ƙwaya ce kawai, mutum na gida yana sha safe da yamma wata da watanni bayan an yi masa tiyata, ba ƙarin ruwa ba ne a gadon asibiti da kowa zai gani ya san ana yi wa wane maganin kansa. Ku riƙe wannan.

Yanzu bari mu bi ƙwayar soribudin ɗin daga baki. Ta sauka ciki, ta wuce ƙaramin hanji, wani kaso ya shiga jini ya tafi aikin da aka aike shi. Ragowar da ba ta shiga ba sai ta gangara ƙasa inda masu gida suke. Cikin jikin babban mutum akwai bakteriya kimanin tiriliyan 38, kusan dukkansu a babban hanji suke zaune, in ka tara su duka nauyinsu bai wuce giram 200 ba amma sinadaran narka abubuwa da suke da su sun ninka na jikinmu yawa. Su ba ruwansu da wai wannan magani ne wannan abinci ne, duk abin da ya iso gabansu dubawa suke ko da abin ci a jikinsa. Shi kuwa soribudin gini biyu ne aka haɗa, wani guntun sukari da wani ɓangare da ake kira BVU, an manne su wuri ɗaya. Wasu bakteriya 'yan gidan Bacteroides, waɗanda suna cikin mafi yawa a hanjin ɗan Adam kuma lafiyayyen mutum ma yana ɗauke da su, suna da almakashin da ke yanke daidai wannan mahaɗar. Su yanke, BVU ya kuɓuce, hanji ya tsotse shi, jini ya kai shi hanta.

A hanta ne abin ya ɓaci. BVU ya yi kama da irin abubuwan da DPD ya saba farfasawa, sai DPD ya cafke shi ya fara aiki a kansa, to a tsakiyar aikin sai BVU ɗin ya rikiɗe ya manne a jikin DPD mannewar da ba ta ɓanɓaruwa. Kamar makulli ne ya karye a cikin kwado, ba wani makullin da zai sake shiga, sai dai a sayo sabon kwado. Haka jiki ma sai ya ƙera sabon DPD daga farko, kuma hakan na ɗaukar makonni, ba kwana ɗaya ko biyu ba. Ga mutumin da ba ya shan maganin kansa wannan ba wani abu ba ne, zai yi makonninsa ba tare da ya san an rufe masa wata ƙofa a hanta ba, ƙurajensa su bushe ya yi godiya. Amma wanda ke shan tegafur safe da yamma, kullum ana zuba 5-FU a jini kuma mai sharar ya mutu. Awo bai canza ba, ƙwaya ɗaya ce irin ta jiya da shekaranjiya, amma abin da ke taruwa a jini ya ninka sau da yawa.

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Cikin 'yan kwanaki sai baki ya kwaile da gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, gudawa ta ɓarke har da jini, ɓargo ya daina aiki, fararen ƙwayoyin jini da ke yaƙi da cuta su faɗi warwas, waɗanda ke tsayar da jini su ma su ƙare, sai zazzaɓi mai zafi da zubar jini. Kuma a 1993 babu makarin gubar 5-FU, sai a 2015 Amurka ta amince da wanda ake da shi yanzu. Mutanen nan ƙuraje suka je a yi musu magani, ciwon da yawanci da kansa yake warkewa cikin 'yan makonni, wasunsu ma an riga an cire musu kansar suna shan ƙwayar ne don kar ta dawo. Garin neman gira aka rasa ido. Wallahi duk lokacin da na zo nan a labarin sai jikina ya yi sanyi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ba a cikin duhu aka yi wannan ba. Tun 1986 wasu masu bincike a Faransa da Beljiyam, cikinsu har da Erik De Clercq na jami'ar Leuven, sun wallafa cewa in aka ba ɓera BVU to 5-FU yana daɗewa a jininsa ƙwarai, shekara 7 kenan kafin Usevir ya fito. Sannan ga mutum 3 da suka rasu lokacin gwaji. Kuma a takardar bayanin da ke cikin kwalin maganin an ma rubuta cewa a guji haɗa shi da dangin 5-FU, amma ina aka rubuta? Can ƙasa cikin jerin bayanai, a sashen da ke maganar haɗuwar magunguna, da ƙananan haruffa irin na sauran layuka, ba a ɗago shi sama an ce wannan haɗin kisa yake yi ba. Likitan da ke ganin marasa lafiya tun safe, ga layi a waje, wane ne zai ce ya tsaya ya karanta takardar nan layi-layi har ƙarshe? Ya kamata ya karanta, na yarda, amma wanda ya san abu na kashe mutum shi ke da nauyin ya ɗaga murya, ba ya raɗa ba.

Sai kuma ɗaya ɓangaren, wanda shi ba na kimiyya ba ne sam. A Japan ta wancan lokacin al'ada ce likita ya ɓoye wa majiyyaci cewa kansa gare shi, iyali ake kira gefe a faɗa musu, shi kuma a ce masa gyambon ciki ne ko wani ƙari mara illa aka cire, ga ƙwaya ka riƙa sha. Da kyakkyawar niyya ake yi, don kar a karya masa zuciya. To ka ɗauka wannan bawan Allah ƙuraje sun fito masa, ba wurin likitan da ya yi masa tiyata zai je ba, wurin likitan fata zai je a wani asibitin daban kusa da gida. Ko da likitan fatar ya tambaye shi, baba kana shan maganin kansa? zai ce a'a, kuma bai yi ƙarya ba, iya saninsa kenan. Likita biyu, kati biyu, babu wanda ya ga na ɗan'uwansa, kuma mutum ɗaya tilo da ke zirga-zirga tsakaninsu an ɓoye masa sunan abin da yake haɗiya. Nan ne lamarin ya taɓa ni kusa, don ni da idona na ga 'yan'uwa sun tare likita a baranda suna roƙonsa, don Allah likita kar ka faɗa wa Hajiya, ba za ta iya ɗauka ba. Na fahimci tausayin da ke ciki, ni ma da za a tambaye ni a ranar ƙila haka zan ce. Amma Hajiyar nan gobe za ta aiki jika kemis ya sayo mata wani abu, ko wata 'yar'uwa ta zo dubiya da nata maganin da ya yi mata aiki, kuma ba ta da abin da za ta kare kanta da shi tunda ba ta san me take sha ba.

A watan Oktoba na 1993 ma'aikatar lafiya ta Japan ta sa aka fitar da sanarwar gaggawa ga likitoci, aka dakatar da fitar da maganin, daga baya aka kwashe shi daga kasuwa. Ihu bayan hari. Wani abin takaicin da ya fito daga baya, ashe kafin a sanar da jama'a labarin mace-macen, ma'aikatan kamfanin da dama da suka riga suka ji sun ruga sun sayar da hannun jarinsu kafin farashi ya faɗi, har aka gurfanar da wasu a kotu kan hakan. An kuma hukunta kamfanin da dakatar da aiki na wani lokaci. Amurka ma da aka nemi ta ba maganin lasisi ba ta bayar ba.

Aikin tabbatar da hannun bakteriya kuwa sai bayan shekaru ya kammala. A 1997 wani mai bincike a Japan, Nakayama, da abokan aikinsa suka nuna cewa abin da ke cikin babban hanjin ɓera shi ke da ƙarfin yanka soribudin, suka bi nau'ikan bakteriya ɗaya bayan ɗaya har suka tsaya kan 'yan gidan Bacteroides. Gwajin da ya fi gamsar da ni shi ne wannan, sun ba ɓeraye antibayotik da ke share irin waɗannan bakteriya sannan suka ba su soribudin, sai BVU a jininsu ya ragu ƙwarai, haka ma aka gani a wani gwajin daban kan ɓerayen da aka rena ba ƙwayar bakteriya ko ɗaya a cikinsu. Magani ɗaya, dabba iri ɗaya, bambancin kawai su wa ke zaune a hanji. Su kuma Okuda da abokan aikinsa a Tokyo suka maimaita abin da ya faru da mutanen a jikin ɓeraye, waɗanda aka ba tegafur kaɗai ko soribudin kaɗai suna nan lafiya har kwana 20, waɗanda aka haɗa musu biyun kuwa duk sun mutu cikin kwana 10, ɓargonsu da hanjinsu sun lalace irin yadda aka gani a majiyyatan. Gwaji ne da ba ya cin wata guda. Da an yi shi an ɗauke shi da muhimmanci kafin 3 ga Satumba, da labarin ya sha bamban.

Na san wani zai ce to ai shikenan, a sha antibayotik a kashe bakteriyar kafin a sha magani. A'a fa, kar a soma, don wuƙar nan baki biyu gare ta. Ɗauki dijoksin, tsohon maganin zuciya wanda tazarar da ke tsakanin awon da ke magani da awon da ke guba 'yar kaɗan ce. Tun 1981 John Lindenbaum da abokan aikinsa a New York suka nuna cewa kusan mutum 1 cikin 10 na masu shansa, bakteriyar hanjinsu na lalata wani kaso mai yawa na maganin kafin ya yi aiki, daga baya aka gano mai wannan aikin, ita ake kira Eggerthella lenta yanzu. Irin wannan mutumin an daidaita masa awo ne a kan cewa ana cinye masa wani kaso a hanya, to da aka ba su eritiromaisin ko tetarasaikilin na 'yan kwanaki, mai cin ta mutu, sai dijoksin a jinin wasu ya kusa ninkawa. Ka ga a nan kashe bakteriyar ne haɗarin. Akwai kuma salfasalazin na ciwon kumburin hanji, shi ma sam ba ya aiki sai bakteriyar babban hanji ta raba shi biyu, da gangan ake dogaro da ita. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yadda muke ɗaukar Flagyl da kafso ja da yalo kamar gyaɗa, ciki ya ɗan murɗa a aika yaro kemis, alhali Flagyl ɗin nan irin su Bacteroides yake kashewa, kuma mai shan ƙila yana kan wani maganin na kullum da aka auna masa lokacin da hanjinsa ke yadda yake.

A 2019 aka sake komawa kan wannan gida na magunguna da kayan aiki na zamani. A jami'ar Yale da ke Amurka, Michael Zimmermann da abokan aikinsa a ɗakin binciken Andrew Goodman suka ɗauki biribudin, ɗan'uwan soribudin na jini wanda shi ma BVU yake saki, suka gano ainihin ƙwayar gado guda ɗaya a jikin wata Bacteroides da ke ƙera almakashin, suka cire ta, suka zuba wa wasu ɓeraye bakteriya mai almakashi wasu kuma marar shi. Lissafinsu ya nuna kusan kashi 70 cikin 100 na BVU da ke yawo a jinin ɓeran daga hanji ya fito, ba daga hanta ba. A shekarar dai suka gwada magungunan haɗiya 271 da nau'in bakteriyar hanji 76, suka tarar guda 176, wato wajen kashi biyu cikin uku, akwai aƙalla bakteriya ɗaya da ke sauya su. A cikin kwalba aka yi wannan gwajin, ba yana nufin duk 176 ɗin suna da haɗari a jikin mutum ba, da yawa ma jini ya riga ya ɗauke su tun a sama kafin su isa inda bakteriyar take da yawa. Amma ya isa ya nuna cewa soribudin ba wani baƙon abu ba ne da ya faɗo daga sama. Shekara da shekaru in ana maganar inda magani ke bi a jiki hanta da ƙoda ake kallo, su ake aunawa kafin a rubuta awo, hanji kuma ana ɗaukarsa bututu ne kawai da magani ke wucewa. Kuma hanta ta kowa kusan tsari ɗaya ce, amma mazauna hanji sun bambanta daga mutum zuwa mutum, abincin da ka saba ci da antibayotik ɗin da ka sha watan jiya duk suna canza su, a ganina wannan na cikin dalilan da ke sa mutum biyu su sha ƙwaya ɗaya wani ya ce ta yi masa wani ya ce ko gezau.

Japan dai ta ɗauki darasi a aikace. An sake tsarin takardar bayanin magani yadda gargaɗi mai haɗarin rai zai zo a sama cikin jan layi, an gyara dokar magunguna a 1996 aka tsaurara ƙa'idar gwaji a kan mutane. Sannan aka fito da wani ɗan littafi da suke kira okusuri techo, littafin magani, ƙarami ne mai shiga aljihu, duk kantin maganin da ka je za su manna maka 'yar takarda mai sunan abin da aka ba ka da awonsa da kwanan wata, kowane likita ka je ka miƙa masa ya buɗe ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Lamarin soribudin na cikin abin da ya haifar da shi, girgizar ƙasar Kobe ta 1995 kuma ta ƙara yaɗa shi, lokacin da asibitoci suka rushe mutane suka kasa faɗin sunan maganin da suke sha kullum.

Soribudin ya tafi, a wurarenmu ma asaikulobir ake ba mai zosta kuma shi ba ya sakin BVU. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don biribudin na nan ana sayar da shi a Jamus da Italiya da wasu ƙasashen Turai, 5-FU da ƙanensa na haɗiya kapesitabin kuma suna ko'ina, kuma an ci gaba da samun rahoton mutuwa a Turai daga haɗa su duk da gargaɗin da ke jikin kwali. A 2020 sai da aka sake aika wa likitocin can wasiƙar tunatarwa, aka ƙara da ɗan kati da ake ba majiyyaci ya riƙe a jikinsa ya nuna wa duk likitan da ya je wurinsa. Ƙa'idar da ke ciki ita ce daga ranar da mutum ya haɗiyi ƙwayar biribudin ta ƙarshe sai an ƙirga aƙalla mako 4 cur kafin a ba shi 5-FU ko wani danginsa, ko da na shafawa a fata ne, lokacin da hanta ke buƙata kenan ta ƙera sabon DPD.